Kilo Biyar da Na Ƙara wa Yaya

Litinin, 3 ga wata, 6:30 na safe

Na auna Yaya kafin ta sha komai. Kilo 46.

Litinin, 7:50 na safe

Don aikin shago na sayi littafin nan, ga shi ya sami wani aikin. Ranar Juma'a aka sallamo Yaya daga asibiti, aka haɗo mu da kati mai layi-layi: kwanan wata, nauyi, magani. 'Yarta ce ta karɓo bayani, wadda muke kira Lauya saboda tun tana shekara huɗu ba a cin ta da magana. Ta ce nas ta ce a riƙa aunawa kullum, lokaci guda, kafin karyawa, da kaya iri ɗaya. Na tambayi dalili. Ta ce, "Kawu, cewa aka yi a auna." Ban sake tambaya ba.

Ni aikin ya faɗo wa, don ni ne mai gyaran sikeli a dangi, shekara ashirin da biyu ke nan. Na kawo na ƙasa mai kibiya. Na gwada shi da duwatsun awon Yaya guda huɗu, masu kilo goma-goma, waɗanda ke kwance a sito tun da ta rufe shagonta na sukari da fulawa. Arba'in cif.

Ni nake ɗaga ta daga gado in tsayar da ita a kai. Tana riƙe kafaɗata, ta saki na ɗan lokaci, in karanta. Ta ce, "Auta, da ƙarfi. Ba asirin kowa ba ne." Shekarata arba'in da uku, ga furfura a gemu, har yau Auta ne.

Sunan ciwon yana cikin ambulan a saman kabad. Sau ɗaya na karanta. Ba sai na kwafo shi nan ba.

Laraba, 5 ga wata, 3:15 na yamma

45 da rabi.

Mun je ganin likita. Duk bayan sati biyu za mu riƙa zuwa, ranar Laraba. Awa uku a kan benci. A bakin ɗakin likitan akwai wani babban sikeli mai sanda, irin na da, an manna masa takarda: YA LALACE. Na tsuguna na leƙa ƙarƙashinsa. Ba abin da ya lalace. Ƙarfen da sandar ke hawa ne ya zame daga gurbinsa, aikin minti goma. Na faɗa wa nas ɗin, wata mai rataye tabarau da igiya, Sista Mai Tabarau muke ce mata. Ta ce kayan asibiti ba a taɓa su sai da takarda daga sama, kuma an rubuta tun watanni. Shi ya sa ma ake ba mutane kati su auna a gida. Na ce to. Na yi ta kallonsa har aka kira mu, kamar wanda ya ga ɗan'uwansa a tsare.

Likitan dogo ne, a hankali yake magana. Ya bi katin da biro, ya latsa ƙafar Yaya da yatsa, wurin ya loma ya daɗe bai taso ba. Ya ce a ci gaba da ƙwayar fitar da ruwa, ɗaya da safe. Na so in tambaye shi abin da yake nema a katin, amma mutum ya fi talatin a bayanmu.

Juma'a, 7 ga wata, 8:05 na safe

45.

Abin da nake ta juyawa: ina kilon yake tafiya? A shago in buhu ya ragu, to ɓera ne, ko huda, ko hannun mutum. Malamin kimiyyarmu na aji huɗu ya ce babu abin da ke ɓacewa a duniya, kama kawai yake sauyawa. To ga kilo guda ya fita daga jikin Yaya cikin kwana huɗu, ban gan shi a ɗakin ba. Har ƙarƙashin gado na share. Ban san me nake nema ba.

Wataƙila ban fahimci malamin ba. Ban ci jarrabawarsa da kyau ba.

Asabar, 8 ga wata, 6:50 na safe

44 da rabi. Na karanta da ƙarfi kamar yadda ta saba.

Asabar, 4:30 na yamma

Ta ture shayi da safe, ta ture shinkafa da rana. Lauya ta lallaɓa, ta yi faɗa, ta kawo hujjoji har guda biyar. Yaya ta ce ta gaji da zuba ruwa a kwando. Ta ce shekara talatin tana awo, ba ta taɓa ganin kayan da ake ƙara masa yana raguwa ba sai kanta. Ta juya wa bango fuska.

Na tarar da Lauya a kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Lahadi, 9 ga wata, 11:00 na safe

44 da rabi. Ba ta ci ba.

Na ɗauki sikelin na shiga sito, na ce zan sa masa mai.

Lahadi, 5:20 na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, don in iya mayarwa daidai.

Kowa ya iya murza 'yar tayar da ke gefe, amma kibiya za ta bar sifili, ko makaho ya gane. Ban taɓa ta ba. Na buɗe cikinsa, na cire ƙugiyar sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke riƙe nauyi, na saukar da ita zagaye ɗaya. Sifirin ya ɗan yi laushi. In babu kowa a kai, sifili yana kan sifili. In an hau, yana ƙara kaɗan. Na ɗora duwatsun huɗu: arba'in da rabi.

Katin asibiti da muka liƙa a bango zai ɗauki abin da kibiya ta nuna. Littafin nan zai ɗauki na gaskiya, tunda na san abin da zan cire. Ranar ganin likita zan kwafe na gaskiya a sabon kati. Na roƙi sabon katin ma tun ranar Laraba, ban san don me ba a lokacin.

Rabin kilo ne kawai. Kofin ruwa biyu.

Litinin, 10 ga wata, 7:10 na safe

Kati: 45. Littafi: 44 da rabi.

Ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a dafa mata ƙwai. Ta cinye, ta sha shayi rabin kofi. Lauya ta rungume ni a tsakar gida har hulata ta faɗi.

Laraba, 12 ga wata, 7:30 na safe

Kati: 45 da rabi. Littafi: 44.

Na sake sa mai jiya. Ba ni da zaɓi. Na gaskiya yana sauka, in na bar shi haka kibiya za ta biyo shi.

Tana ci. Jiya har cewa ta yi a buɗe taga. Ta ba Lauya labarin da na tsani a ba da: ina ɗan shekara goma sha ɗaya, bayan rasuwar iyayenmu, ina tsaron shagonta, wata tsohuwa ta zo sayen sukari kilo ɗaya, na ɗora babban yatsana a gefen faranti. Ni a ganina taimakon Yaya nake. Daga bayan labule ta gani. Ba ta dake ni ba. Ta auna abin da na rage, bai fi cokali uku ba, ta ƙulle a takarda, ta sa ni a gaba har gidan tsohuwar da tsakar rana, ta ce in faɗi da bakina abin da na yi. Tsohuwar ma ba ta gane zancen ba, ta yi ta sa mana albarka.

Lauya ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Me ya sa yau ta tuna da shi?

Juma'a, 14 ga wata, 7:00 na safe

Kati: 46 da rabi. Littafi: 44.

Lauya ta hau sikelin da wasa, ta sauko da salati. Wai ta ƙaru da kilo uku tun da aka fara jinyar nan, wai duk ragowar abincin mamanta ne. Ta ce ta bar burodi daga yau. Yaya ta ce ai dama kumatun nan ba na yunwa ba ne. Na sunkuya ina ɗaure takalmi, alhali silifa ne a ƙafata.

Ban yi tunanin wani zai hau ba. Ya kamata in yi.

Lahadi, 16 ga wata, 6:45 na safe

Kati: 47. Littafi: 43 da rabi.

Lahadi, 6:10 na yamma

Maman yara ta ce kwana biyu ina cin abinci kamar mutum. Ta ce ashe sauƙin Yaya sauƙina ne. Na ce eh.

Wani abin mamaki: da safe in kibiya ta tsaya a 47, ni ma daɗi nake ji, na ɗan lokaci kaɗan, kafin in yi lissafin cirewa. Ni na saukar da ƙugiyar da hannuna. To me ke jin daɗin? Ido ne ba ya tambayar hannu?

Talata, 18 ga wata, 8:20 na safe

Kati: 48. Littafi: 43.

Ban yi nufin ya kai haka ba. Kowane ƙari rabin kilo ne ko ɗaya. Na haɗa su yau na ga biyar, na sake haɗawa.

Na kwafe sabon kati da lambobin gaskiya, na sa a aljihun riga. Gobe asibiti. Ni zan miƙa wa likita da hannuna, Yaya na wajen labule.

Laraba, 19 ga wata, 4:40 na yamma

Da sassafe aka kira ni daga kamfanin fulawa, babban sikelinsu ya tsaya, motoci sun yi layi har titi. Na lissafa: wancan zuwan awa uku muka yi a benci. Na ce wa Lauya su yi gaba su kama layi, zan same su kafin goma.

Goma saura kwata na isa. Na tarar da su a bakin ƙofa suna jiran mota. Yau likita da wuri ya fara.

Katin bango Lauya ta cire ta tafi da shi. Me kuma za ta tafi da shi?

Idonta ya yi ja. Ta ce likita ya yi mata faɗa. Ashe tun ranar sallama nas ta gaya mata: in nauyi ya hau da kilo biyu cikin 'yan kwanaki, ba ƙiba ba ce, ruwa ne yake taruwa, a kawo ta da sauri. Abin da katin yake yi ke nan. Ita kuma a ruɗewar ranar nan sai "a auna" kawai ta riƙe. Ta ce, "Kawu, muna ta murna, ashe ruwa ne yake cinye ta. Laifina ne." An mayar da ƙwayar uku: biyu da safe, ɗaya da rana.

Yaya tana kan keken marasa lafiya da muka aro, tana kallon motoci.

Sabon katin yana aljihuna. Na ji kaifinsa a ƙirjina har gida.

Alhamis, 20 ga wata, 7:25 na safe

Kati: 47 da rabi. Littafi: 42 da rabi.

Ni ke ba da na safe. Na ba ta ɗaya, na sa ɗaya a aljihu. Na rana a hannun Lauya yake, ba yadda zan yi.

Wataƙila ba katin likita ya bi ba. Ai ya latsa ƙafar, kuma ƙafar da kumburi tun farko. Mutum ya yi shekaru yana karatu, ba zai dogara da takardar mai gyaran sikeli ba. Wataƙila ma ruwan yana nan da gaske.

Alhamis, 1:00 na rana

Na je har ƙofar asibiti. Na tsaya wajen masu sayar da lemo. Na dawo shago.

Juma'a, 21 ga wata, 6:55 na safe

Kati: 46 da rabi. Littafi: 41 da rabi.

Lauya ta ce maganin yana aiki. Yaya ta ce bakinta kamar ta tauna auduga. Da na tsayar da ita ta ce ɗakin yana juyawa.

Gobe zan faɗa. Na tsara maganar: zan fara da ranar Asabar ɗin da ta ture shayi.

Asabar, 22 ga wata, 5:30 na yamma

Ban auna ba. Ta faɗi a ƙofar banɗaki kafin in iso. Muna asibiti, ɗakin mata, gado na shida.

An ce jininta ya yi ƙasa sosai, jikinta ya bushe. An ɗebi jini. An rataya ledar ruwa. Na karanta jikin ledar: lita ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wannan kam na sani. Na zauna ina ƙirga ɗigon, ashirin da takwas a minti. Kwana goma sha biyar ina tambayar inda kilo yake fita, yau na zauna na ga kilo yana shiga mutum ta bayan hannu.

Ban faɗa ba. Ba a tsaya wuri ɗaya ba yau.

Lahadi, 23 ga wata, 2:10 na rana

Sista Mai Tabarau ce a ɗakin yau. Ta ce sakamako ya nuna ƙodar ta sha wahala, kamar injin da aka bari yana aiki babu mai. Ta turo wata kujera mai sikeli a jiki, na lantarki, daga ɗakin maza aka aro. Muka zaunar da Yaya. 42, bayan leda biyu.

Sista ta ɗaga tabarau ta duba katin, ta duba kujerar. Ta ce shekaranjiya 46 da rabi, yau 42, an kuma ƙara mata ruwa, wannan lissafi ba ya hawa.

Lauya ta miƙe. Ta ce kujerarsu ce ba daidai ba, kamar wancan na ƙofar likita. Ta ce, "Kawuna ne yake aunawa. Shekara ashirin da biyu yana gyaran sikeli, har kamfanoni nemansa suke. Nasa ba ya kuskure." Da ƙarfi ta faɗa, har matar gado na biyar ta juyo.

Na ce, "Kujerar daidai take."

Na fito da littafin nan na buɗe shafin ranar tara ga wata. Ban yi amfani da maganar da na tsara ba. Na miƙa kawai. Na zazzage ƙwayoyi biyun da ke aljihuna a kan tebur, da sabon katin, duk ya lanƙwashe da gumi.

Sista ta karanta a tsaye. Ta ce garin neman gira an kusa rasa ido. Ta ce ta ga masu ɓoye magani a ƙarƙashin filo, ta ga masu ƙara allura da kansu, amma wanda ya buɗe cikin sikeli yau ta fara gani. Ta tafi da littafin wajen likita.

Lauya ta ce, "Kwana huɗu ina cewa laifina ne. Kana tsaye." Ta ɗauki jakarta ta fita baranda.

Idon Yaya a rufe yake duk lokacin. Ban san ko barci take ba.

Litinin, 24 ga wata, 12:30 na rana

Likita ya kira ni. Na zata kora ce. Ya zaunar da ni, ya kwafe layin littafi gaba ɗaya cikin fayil, ya tambayi yadda nake cirewa, na nuna masa. Ya ce layin gaskiyar ya gaya masa abin da yake buƙatar sani, ba kuma abu mai daɗi ba ne. Ya ce ciwon da ke cikin ambulan ba ni na kawo shi ba, kuma tafiyarsa yake. Amma kwanaki ukun nan sun taɓa ƙodar, ba lallai ta koma yadda take ba.

Na tambaye shi kwana nawa na rage mata. Na ce ko da kusan-kusan ne.

Ya ce bai sani ba. Ya ce da ya sani da ya faɗa mini, don ya ga ni mutum ne mai son lamba. Ya ce shi ma da ya tashi ya nemo kujerar nan ranar Laraba maimakon ya yarda da takarda.

Da zan fita na tambaye shi inda nauyin mutum yake tafiya in yana ramewa. Ya ce yawancinsa ta numfashi yake fita. Na ce numfashi? Ya ce numfashi.

Na koma na zauna kusa da gado na shida ina kallon bargo yana hawa yana sauka.

Talata, 25 ga wata, 4:00 na yamma

Lauya ba ta yi mini magana. In na shigo ta fita, in na fita ta shigo. Filas ɗin shayi ne kawai ke haɗa mu.

Yau da ta tafi karɓo magani, Yaya ta buɗe ido ta ce in matso.

Ta ce, "Duwatsun nan nawa ne, Auta. Na san muryarsu. Mai sa wa sikeli mai ba ya ɗaga dutse huɗu kowane kwana biyu."

Na ce tun yaushe.

"Tun ranar farko. Kuma da can in za ka ɗaga ni sai ka yi bismilla ka riƙe numfashi. Yanzu kana ɗaga ni kana ba Lauya amsa."

Na ce to me ya hana ta magana. Ta ce ranar da na karanta 45 ta ga fuskata, irin fuskar da na yi ne ranar da na fara gyara sikeli da kaina ya tashi. Ta ce ta ga Lauya tana waƙa a kicin. Sai ta ce bari ta ci ƙwan, tunda abin da ake so ke nan. Ta ce ta zata wasan a ɗaki zai tsaya.

"Ranar Laraba ina zaune likita yana karanta katin. Na san ƙarya ce. Na ce in na yi magana na tona ka a gaban 'yata. Na yi shiru." Ta ɗaga babban yatsanta, duk ya zama ƙashi. "Faranti ɗaya, yatsa biyu."

Na fara cewa ta yafe mini. Ta ce ba ita ce tsohuwar ba a wannan karon. Ta nuna ƙofa da haɓa.

Laraba, 26 ga wata, 10:15 na safe

Na sami Lauya a baranda. Na faɗi abin da na yi da bakina, daga farko, har da tsayuwata wajen masu lemo. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Tun da aka haife ta ban taɓa ganin haka ba.

Da na gama ta ce ta ji.

Juma'a, 28 ga wata, 5:00 na yamma

An sallame mu. An rage magunguna, saura na ciwo da na amai. Ba a ba mu sabon kati ba. Ba a kuma ce mu dawo ranar Laraba ba. Lauya ta tambayi dalili sau uku, Sista ta kama hannunta ta ja ta gefe.

Da muna fita Sista ta tsayar da ni a gaban sikelin mai sanda. Ta ce takarda daga sama ba ta zo ba har yau. Amma Litinin ta sama ita ce da aikin safe, ƙarfe bakwai babu kowa, kuma tabaraunta ba ya gani sosai kafin ta sha shayi.

Asabar, 29 ga wata, 7:15 na safe

Na ce wa Yaya an daina awo. Ta ce likita ne ya daina, ita ba ta daina ba. Ta ce in kawo sikelin da duwatsun nan ɗaki, a gabanta.

Na shimfiɗa jarida a ƙasa, na buɗe shi, na mayar da ƙugiyar gurbinta na asali. Tana kallo daga kan filo, har da gyara mini: wai filayar ta yi girma. Na ɗora duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Goma. Ashirin. Talatin. Arba'in cif.

Ni da Lauya muka tsayar da ita. Ta saki na ɗan lokaci.

40 da rabi. Na karanta da ƙarfi.

Ta ce, "Yauwa. Na fi duwatsuna da rabi." Ta nemi shayi. Kurɓi uku ta yi, ba wanda ya ce ta ƙara.

Bayan mun kwantar da ita Lauya ta hau sikelin, ba ta kalle ni ba. 61. Ta ce wa bango, wani mutum ya hana ta burodi sati biyu a banza. Da rana na sayo babba na ajiye a kicin. Da yamma na ga an yanka.

Litinin, 1 ga sabon wata, 6:40 na safe

40.

Talata, 2 ga wata, 6:50 na safe

Ba ta iya tsayuwa ba. Ta ce in ɗauke ta in hau, in sauke ta in sake hawa, in cire. Haka take auna kaji a da. 39 da rabi. Ta ce ko ba a faɗa ba ta ji.

Laraba, 3 ga wata, 3:30 na yamma

Yau ba ta tambaya ba. Na jiƙa auduga ina shafa mata a leɓe. Numfashin yana tsayawa, in ƙirga har goma sha biyu, ya dawo. Lauya ta ce in daina motsa baki. Daga baya na ga ita ma nata yana motsi.

Alhamis, 4 ga wata

10:20 na safe. Numfashin bai dawo ba. Taga a buɗe take.

Juma'a, 5 ga wata, 6:15 na safe

Ƙararrawar waya ta buga. Har na sa takalmi.

Lahadi, 7 ga wata, 5:40 na yamma

Mutane sun ragu. Ranar Alhamis ni ne a gaba ta dama da muka ɗauki makararta. Na yi ƙoƙari kada kafaɗata ta yi lissafi. Ta yi. Ban rubuta ba, ba kuma zan rubuta ba.

Lauya ta sauko da ambulan daga saman kabad ta tambaye ni ko a ajiye. Na ce ita ce lauya. Ta sa katunan biyu a ciki, na bango da na aljihu, ta mayar.

Ta ce in kwashe duwatsun, tuntuɓe take da su.

Gobe:

1. Mayar da keken da aka aro daga maƙwabta. Tayar hagu tana ƙara, a sa mai tukuna.
2. Ragowar magunguna, a kai wa Sista. Har da biyun nan.
3. Wankin zannuwan gado. A tambayi Lauya, kada a taɓa filon.
4. Kamfanin fulawa sun kira sau biyu.
5. Kashe ƙararrawar 6:15. Ko a bar ta zuwa jibi.
6. Asibiti, bakwai daidai. Filaya ƙarama, sukundireba, tsumma. Duwatsun Yaya, sawu biyu a babur.
7. In ya nuna arba'in, a bar shi a arba'in.